Sunan Baba a Bakin Yaran Lyon

Tun ranar da yarinyar nan ta shigo shagona hankalina bai sake kwanciya ba. Shagon atamfa da shadda ne a unguwar Château Rouge ta birnin Paris, tsakanin wani mahauci da wata mai kitso 'yar Mali, kuma duk wanda ya san ni a layin nan da Alhaji ya san ni. Muna zaune da maƙwabtana biyu muna shan shayi bayan azahar sai ga ta, Baturiya, da ƙyar in ta kai ashirin, gashi baƙi wuluk na rini ya rufe mata ido ɗaya, ga ƙarfe a leɓe. Na miƙe na ɗauko almakashi, a zatona yadi take so. Ita kuwa ta buɗe jaka ta fito da wani tsohon kaset, ta ajiye a kan shaddar da ke gabana, ta tambaye ni da Faransanci ko ni ne wannan. A jikin kaset ɗin akwai hoton mutum huɗu a bakin wata gada, na ukunsu baƙi ne siriri, wandonsa ya matse shi kamar a jikinsa aka ɗinka. Na ce mata ban san shi ba. Ƙarya na yi. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya leƙo ya dubi hoton ya ce, "Wanga yaro dai yunwa ta ci shi." Aka yi dariya har da ni, yarinyar ta ɗauki kaset ɗinta ta fita tana waiwaye.

Yaran yanzu suna ce wa irin kiɗan da muka yi emo, wasu su ce indi. Mu a lokacinmu suna bai dame mu ba. Kiɗa ne na gita mai ƙara da ganga, inda saurayi zai tsaya gaban mutane ya amayar da duk abin da ke cikinsa da ihu, wani lokaci har da hawaye, mutane kuma su tafa masa. Ka duba nisan wannan da gidan da na fito. A gidanmu a Maradi Baba bai taɓa tambayata me ke damuna ba, ni ma ban taɓa karanta damuwa a fuskarsa ba. Maganarsa kullum ita ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ka faɗi ka fasa gwiwa, ka tashi ka kaɗe rigarka. In an yi rasuwa, maza su zauna a tabarma da carbi, wanda abin ya fi shafa shi ne zai fi kowa cewa alhamdu lillahi. Murya kam ina da ita tun ina ƙarami, amma a gona aka san ta. Idan gero ya fara nuna ni ake ɗorawa a kan rumfar kara, in yi ta jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye ina kwarara ihu, daga hantsi har la'asar, don kada tsuntsaye su sauka. Inna takan ce tana jiyo ni tun daga bakin rijiya, ta san ɗanta bai yi barci a bakin aiki ba.

Karatu ne ya kai ni birnin Lyon na Faransa. Aka ba ni ɗaki a gidan ɗalibai, bangonsa ba kauri, wanda ke ɗakin kusa da ni kuwa wani dogon Bature ne da ba ya rabuwa da gita. Na yi haƙuri mako biyu, ran nan ina tsakar bitar darasi na kasa, na je na buga masa ƙofa na zazzaga masa masifa da duk Faransancin da na mallaka. Bai yi fushi ba. Ya tsaya baki buɗe yana kallona, da na gama ya ce muryar da na yi masa faɗa da ita, ita ƙungiyar kiɗansu ke nema wata uku ke nan. Haka na shiga cikinsu. Ni na raɗa musu sunayen da nake kiransu da su har yau: shi Dogo, mai ganga Jatau saboda jan gashinsa, mace ɗayar da ke kaɗa gita mai kaurin murya kuwa Shiru, don sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Duk Asabar da rana muke haɗuwa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kan tudun garin, unguwar masaƙan da. Warin danshi, kwalayen ƙwai da aka manna a bango don kada maƙwabta su kira 'yan sanda, wayoyin lantarki a ƙasa ko'ina. In lokacin salla ya yi na shimfiɗa kwali a lungu, Jatau yakan rungume sandunansa ya zauna tsit har in sallame. Dogo ke rubuta waƙoƙin, duk a kan 'yan matan da suka guje shi, ni kuma in yi ta ihu da su da Faransanci. Su suna ganin baƙin ciki nake fitarwa. Ni dai a raina tsuntsaye nake kora.

A wancan zamani ba waya a aljihun kowa. Inna ba ta karanta wasiƙa, saboda haka kaset muke yi wa juna. Nakan rufe ɗaki in ɗauki muryata ina ba su labarin sanyi da tsadar barkono, in aika Paris wurin 'yan kasuwar garinmu, su tafi da shi cikin kayansu. Nasu kuma ya zo bayan makonni, a nannaɗe cikin leda tare da kilishi da yaji. Baba ke fara magana, gajeriya, addu'a da umarni. Sai Inna, ita kam sai an karɓe na'urar daga hannunta. Sai Yaya, babban wana, sannan yara bi da bi. Abin da na fi saurare ma ba maganar ba ce, abin da ke bayanta ne: kukan akuya, sallamar mai talla, ƙarar guga a rijiya, da dakan Inna, wanda take jefa taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Kaset ɗaya sai in ji shi har ya fara jan murya. Yau 'yata tana kiran Maradi ta ga abin da ke cikin tukunya da idonta, ta gama ta ce mini ba wani labari.

A sanyin shekarata ta uku kaset ya zo babu muryar Inna. Baba ya ce, "Innarka ta tahi ƙauye wurin 'yan'uwanta, tana gaishe ka." Na biyu ya zo, aka ce mura ta dishe mata murya. A na uku Yaya ne ya ce tana gaishe ni, in maida hankali ga jarrabawa. Na lura ana daka a bayan maganar amma ba a tafi, na lura sarai, sai dai zuciya ba ta tambayar abin da ba ta son jin amsarsa. Na yi jarrabawata na ci. Da aka ba da hutu na hau jirgin ƙasa zuwa Paris don in karɓi saƙo da kaina wurin wani dattijon ɗan kasuwa, mutumin unguwarmu, a wannan layi da shagona yake yau. Yana ganina ya taso ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ya haƙuri, ɗana? Allah shi jiƙan tsohuwa, shi sa ta huta."

Na ce, "Wace tsohuwa, Alhaji?"

Ya sake ni a hankali. Ya dubi yaran shagonsa, ya dubi ƙasa. "Ba a hwaɗa maka ba? Ai na ɗauka tunda jarrabawa ta wuce..." Ya ja mini kujera. "Wata biyar ke nan. Don karatunka aka yi, kar hankalinka shi tashi. Haka ake yi, ka sani."

Na sani kuwa. Haka ake yi wa duk wanda ke nesa, matafiyi ko ɗalibi ko mace mai tsohon ciki, a riƙe masa labari har lokacin da aka ga zai iya ɗauka. Ni da kaina, bayan na girma, na riƙe irin wannan labari a bakina mako uku saboda wani ɗalibi, ina gaisawa da shi ina dariya. Yanzu ma abin ba ya yiwuwa, kafin a gama wanka hoton mamaci ya zagaya wayoyi. Amma a ranar ban ga tausayi a ciki ba. Abin da na gani shi ne wata biyar ina ɗaukar muryata ina cewa Inna ki ajiye mini kaza, Inna kin ji abin da malaminmu ya yi, su kuma suna zaune a tsakar gida suna saurare.

Na koma Lyon. Kwana uku ban fita ba, Jatau ne ya zo ya zauna a bakin gadona yana dafa mini taliya ba ya tambayar kome. Ran Asabar na sauka ɗakin nan, suka fara kiɗa, na kama makirufo, sai Hausa ta fito. Ban shirya ba. Na ce an rufe ta an rufe mini kunne. Na ce an sayi takardar shaida da gawar uwata. Sannan na yi abin da ko mahaukacin kasuwa zai yi shakkar yi: na kira Baba da sunansa na yanka, gatsau, ba Malam ba Alhaji, na ce masa, "Ban yahe ba." Sau huɗu. Ko yanzu da nake wannan rubutu hannuna ba zai iya sa sunan a takarda ba. Da na gama sai na ga Shiru tana share ido da bayan hannu. Dogo ya tambaye ni me nake cewa, na ce kukan mutuwar uwa ne, wanda rabin gaskiya ne. Suka ce a ɗauka a kaset, na yarda, domin lissafina mai sauƙi ne: duk Lyon wa ke jin Hausa a cikin masu sauraren wannan hayaniya? Gani nake kamar na sunkuya cikin rijiya na yi zagi na rufe.

Kaset kaɗan muka buga, da hannu muke kwafa, mu sayar a kan tebur bayan wasa. Mun yi wasa a ƙananan wurare, wani lokaci mu a kan dandali mun kusa yawan masu kallo. Bayan shekara biyu kowa ya kama gabansa. Shiru ta zama malamar makaranta, Jatau ya shiga aikin famfo, Dogo ya ci gaba da bin gita bai samu kome ba sai sanƙo. Ni kuwa na daina aika kaset gida. Nakan aika kuɗi da gaisuwa ta bakin mutane, muryata dai na hana su. Sai da na yi shekaru kafin na taka Maradi. Na tarar da Baba ya tsufa, na durƙusa na gaishe shi, muka yi maganar damina da farashin taki. Da ya rasu a ranar aka buga mini waya. Fushin ya daɗe da mutuwa a lokacin, na yi aure, na haihu, na gane abin da uba ke gudu. Amma ban nemi gafararsa a kan waƙar ba, domin neman gafara sai da faɗin laifi, ni kuwa na fi son ya tafi bai sani ba. Na je Makka na roƙi Allah a kan abin, na dawo na buɗe shago, na ɗauka magana ta ƙare.

Kwana biyu bayan zuwan yarinyar nan, 'yata ta tare ni a kicin a gidanmu na Stains, a gefen Paris. Jami'a take, Hausarta rabi ce, sauran Faransanci. Ta miƙo mini waya.

"Papa, c'est toi. Kar ka ce mani a'a, muryarka ce."

Ashe wani ya sa kaset ɗinmu a intanet tun shekarun baya. Ashe akwai ƙungiyoyin yara da ke cewa daga wurinmu suka koyi kiɗa, mu da ko kuɗin mota ba mu taɓa mayarwa ba. Ta nuna mini bidiyon wani wasa a unguwar Belleville ta Paris. Wasu samari huɗu da ba a haife su ba lokacin da muka watse suna kaɗa waƙata, ɗaki cike da 'ya'yan Turawa sun haddace sautin ba su san ma'anarsa ba. Da aka zo wurin, mawaƙin ya juya musu makirufo, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Sunan Baba. Da karkataccen harshe, suna tsalle, suna murna, suna ce wa mahaifina ba su yafe ba.

"Wanga suna ba na Kaka ba ne?" in ji 'yata. "Pourquoi, don me kake cewa ba ka yahe ba?"

Na fizge wayar na kashe, na nuna mata ƙofar falo da ido. Yaya na ciki. Wata biyu ke nan da zuwansa daga Maradi don a cire masa yanar ido, a gidana ya sauka. Idonsa ya yi rauni amma kunnensa ko faɗuwar allura ba ya wuce shi. Tun rasuwar Baba shi ne ubanmu, shi ke ɗaura aure, shi ke raba faɗa, in ya ce an fita harkar mutum to an fita. Mutumin da ko mai sunan Baba ya ji an kira a hanya sai ya sunkuyar da kai. Na san abin da zai biyo baya in waƙar nan ta shiga kunnensa. Ba duka ba zagi, zai naɗe tabarmarsa ne ya koma gida, daga nan ni da 'ya'yana mun zama baƙi a cikin danginmu.

Tsoro ya zame mini abokin zama. In saurayi ɗan Nijar ya shigo shago da abin sauraro a kunne, sai in ta kallon bakinsa ko yana bin waƙa. In wayar Yaya ta yi ƙara, saƙon murya daga 'yan gida, sai in tsaya da cokali a hannu har in ji maganar biki ce ko ta gona. A masallaci in liman ya ɗauko wa'azin haƙƙin iyaye, ji nake kamar kowa ni yake kallo. Da can in mutum ya yi wautarsa ta ƙuruciya a wani gari, garin ke riƙe masa ita, ya dawo gida da fararen kaya. Yanzu ba garin da ke riƙe wa kowa kome. Tsofaffi sun ce magana zarar bunu ce, amma su ba su ga zamanin da bunun zai yi shekara talatin a ɓoye sannan ya fito yana yawo ba.

Cikin wannan hali Dogo ya buga mini waya. Ya ce an nemi mu sake haɗuwa mu yi wasa ɗaya a Lyon, irin yadda tsofaffin ƙungiyoyi ke yi yanzu, har an kama babban ɗaki. Na ce a'a. Ya sake bugowa, na sake cewa a'a. Na uku Jatau ne da kansa. Bai roƙe ni ba. Ya ce hannuwansa sun fara rawa, ciwon da ba ya warkewa, likita ya ce baɗi war haka ba lalle ya iya riƙe sanda ba, yana dai so in ji daga bakinsa. Na tuna taliyar nan mara gishiri da ya ciyar da ni kwana uku lokacin da ba ni da kowa. Na ce zan zo.

Na ce wa Yaya ina da kaya da zan duba a Lyon, kwana ɗaya ne. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"To mu tahi tare. Ban taɓa ganin garin ga da ya cinye mana kai ba."

"Yaya, tahiyar da wahala, ga idonka."

"Ido aka yi wa aiki, ba ƙahwa ba."

Na sassauta murya na ce gaskiya ba kaya kaɗai ba ne, akwai abokan karatu na da, za su yi ɗan wasa, wurin hayaniya ne ba na manya ba. Ya ce shi da ya yi rabin rayuwarsa a tashar mota wace hayaniya za a nuna masa. Ƙane ba ya ce wa wansa kar ka biyo ni. Muka hau jirgin ƙasa na safe mu uku da 'yata, Yaya a bakin taga yana jan carbi, ni kuwa ina ta rubutu a bayan takardar tikiti. Dabara ta zo mini: in sake kalmomin. In nemo waɗanda sautinsu ya yi kusa da na da, addu'a ga magabata, yabon iyaye, in cusa a wurin. Masu kallo kuma zan roƙi Dogo ya ƙara ƙarar gita ta danne su. Na san dabarar banza ce, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da azahar muka isa ɗakin wasan don gwajin sauti, ba kowa sai ma'aikata. Shiru ta yi furfura, ta rungume ni, har yanzu ba ta ce kome ba. Jatau ya rame, yana zaune bayan ganguna sandunan na kaɗawa a hannunsa tun kafin ya ɗaga su. 'Yata ta samo wa Yaya kujera a gefen dandali, ya zauna da babbar rigarsa da baƙin tabarau na bayan aiki, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. Muka yi waƙa biyu na Faransanci. Abin mamaki, da Jatau ya fara bugu rawar hannun ta ɓace, ni ma murya ta dawo, ko da yake ta yi kauri. Sai Dogo ya ɗauko waccan waƙar. Na rufe ido na shiga, da aka zo wurin na sa sababbin kalmomina, Allah jiƙan mazan jiya, Allah saka wa iyaye.

Dogo ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Ko kalma ɗaya ta Hausa bai sani ba, amma ya ji waƙar nan sau ba adadi. Ya ce ba haka take ba. Na ce tsufa ne, na manta. Ya ce mu sake. Muka sake, na ƙara cusa addu'ata, ya ƙara tsayar da mu, har ya fara rera mini sautin da bakinsa don ya tuna mini. Na ce masa ya yi shiru don Allah. Cikin wannan tsit ɗin ne murya ta taso daga gefen dandali, ba waƙa ba, magana kawai, kamar mai karanta wasiƙa.

"An ruhe ta, an ruhe mani kunne. Ita ce hwarko. Sannan maganar takarda. Sannan sunan."

Ban san lokacin da na sauka daga dandalin ba. Na tsaya gaban Yaya.

"Yaya, wa ya sa maka ita? Ɗiyar tawa ce?"

"Bar ɗiyar mutane. Na riga ta sanin waƙar ga, ba a ko yi auren uwarta ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Alhajin da ya yi maka ta'aziyya, shi ya kawo. Wani ɗalibi ya ba shi, ya ga hotonka, shi kuma ba mai jin kiɗa ba ne, bai saurara ba. Ya zo da murna, ɗanku ya zama mawaƙi a Faransa. Baba ya sa aka shimhiɗa tabarmi a zaure, aka kira maƙwabta."

Na ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Na ce, "A gaban mutane?"

"A gaban mutane. Da aka zo wurin Baba ya sa hannu ya kashe, ya ce a yi haƙuri batir ya yi sanyi. Kowa ya watse, ba wanda ya ƙara tada maganar har yau. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya ji ta har ƙarshe. Daga nan duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya sa. Kai ka daina aiko kaset. Ita kaɗai ce sabuwar muryarka da ta shigo gidan. In zaren ya tsinke ni ke liƙa mishi."

Dogo da sauran suna tsaye a sama suna kallonmu ba su san me ake ciki ba. 'Yata ta toshe bakinta da gyale. Da ƙyar na haɗa tambayar da na yi shekara talatin ina gudu.

"Me ya ce?"

Yaya ya jingine sandarsa. Ya cire tabarau, idon da aka yi wa aiki yana ruwa, ban sani ba ko na ciwo ne.

"Ya ce, ihun ga zai ɓata mishi maƙogwaro, ga shi ƙasar sanyi. Ya ba ni kuɗi ya ce in sayi zuma mai kyau in aika maka." Ya mayar da tabarau. "Na saya. Ban aika ba. Haushinka nike ji, na ce ba ka cancanta ba. Sau biyu ya tambaye ni ko ta isa. Na biyun na ce mishi ta isa, ka sha, ka ce ka gode. Ya ji daɗi ranar, har kasuwa ya hita. Kai kana tsoron in ji waƙa. Ni tun da na sauka gidanka nike neman bakin da zan hwaɗa maka wanga."

Daga sama Dogo ya tambaya a hankali ko mu ɗauko daga farko. Na ɗaga masa hannu ya dakata. Na tattara rigata na durƙusa a gaban kujerar, irin durƙuson da ban yi wa kowa ba tun rasuwar Baba, gwiwoyina suna ƙara. Yaya ya lalubo kaina ya ɗora hannu. Na buɗe baki in nemi gafara, abin da ya fito daban ne, kuma a hankali ya fito, yadda ko 'yata da ke tsaye kusa ba ta ji ba. Na ce na gode.